Saƙon Da Ya Fito A Kwamfuta Tara

Ranar da yaron nan ya fara sa ƙafa a ofishin ɗana, ina zaune a kujerata ta bakin ƙofa da kofin shayina, kuma ni na fara gane abin da ya faru tun kafin su kansu su gane. Ban taɓa zama a aji ba, amma shekara hamsin ina kanikanci, in mota ta doso gareji tun daga kwana nake faɗin ciwonta. Mota ta taɓa faɗo min a ƙirji na tashi, gareji ya ƙone da ni a ciki na fito da ƙafata, likitoci sun yanka ni sau biyu suna girgiza kai, yau biyu daga cikinsu sun riga ni gidan gaskiya. Wanda ya ga wannan duka, kallon saurayi da budurwa ba zai ɓoye masa ba.

Dogo ne siriri, da jaka a kafaɗa. Yana ɗaga hannu zai tura ƙofa sai ga jikata ta banko ta daga ciki, rungume da kwamfutarta, fuska a murtuke. Walƙiya ake ce mata a ofis, saboda in tana buga rubutu ba ka ganin yatsunta. Saura kaɗan su yi karo.

Ta ja da baya ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ne sabon ma'aikacin?"

Ya gyaɗa kai.

"Allah ya ba ka haƙuri. Kwana uku za ka yi kana kallon bango kafin kwamfutarka ta fara aiki. Ni yau kwanana huɗu."

Ya tsaya yana kallonta kamar an dasa shi. Can ya buɗe baki ya ce, "To."

Ta jira ko da ƙari. Babu. Ta fashe da dariya ta ce, "Kaka, Abba ya ɗauko mana shiru-shiru." Daga ranar sunansa ya zama Shiru. Ta wuce, shi kuwa ya bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ya tuna bai gaishe ni ba. Na ce masa, "Ba komai ɗana, na ga uzurinka."

Bari in faɗi yadda ofishin yake. Ɗaki ne dogo a hawa na biyu, tebur tara, kwamfuta tara, fanka biyu, ɗaya tana kuka kamar tsohuwar giyar mota. Ɗana ne mai wurin, ma'aikata na ce masa Yallaɓai. Manhaja suke haɗa wa kamfanonin motocin haya, wadda ake yankar tikiti da ita a waya. Manhajar nan kuwa da yaren kwamfuta har huɗu aka rubuta ta. Wani yaren ma sunan maciji gare shi. Kowane yare da kayan aikinsa da dole a zuba wa kwamfuta, kuma kowane kaya da tsohon yayi da sabon yayi. Ka zuba na wannan, na wancan ya yi fushi. Ka lallashi na wancan, na farko ya kwanta. Abin da ya yi aiki lafiya a teburin farko, in an kai shi teburi na uku sai ya ƙi tashi, a yi ta musu ana rantse-rantse.

Mutum ɗaya ne ya san yadda ake jera kayan nan su zauna lafiya: Injiniya. Shekararsa bakwai tare da ɗana, kuma duk sirrin a kansa yake, bai taɓa rubuta wa kowa ba. Kwamfutar kowa kwana uku take yi a hannunsa. Ta Walƙiya kuwa sai ta yi biyar, yana jan kujera kusa da ita yana cewa, "Taki tana da wuyar sha'ani, kamar mai ita." Ɗana ya riga ya fara kallonsa da idon suruki. Ni dai ban ce komai ba. Ina kallo.

Kwamfutar Shiru sati biyu Injiniya bai taɓa ta ba. Kullum sai gobe. Yaron bai yi ƙorafi ba, sai dai ya zaga yana leƙen aikin kowa yana rubutu a ɗan littafi. Wata rana da azahar ya zo ya tsugunna gefen kujerata, na zuba masa shayi, na ce, "Me kake ƙullawa?"

Ya ce, "Kaka, kwantena."

Na ce, "Yi min bayani. In na gane, kowa zai gane. In ban gane ba, ƙarya kake yi."

A nan na fara jin muryarsa sosai, don in maganar aiki ce bakinsa a buɗe yake. Ya ce maimakon a zuba kayan yare huɗu a cikin kwamfuta su yi ta faɗa, sai a yi wa kowane yare ɗakinsa a rufe, da kayansa cif-cif a ciki. A rubuta jerin kayan a shafi ɗaya. Duk wanda ya ba kwamfutarsa shafin nan, ita da kanta za ta gina ɗakin, iri ɗaya sak da na kowa.

Na buga cinya. Na ce, "Wannan ai ni na fara shi! In za ni aikin waje, akwatin gyaran burki daban, na wuta daban, na inji daban. Ba na haɗa sifana da waya. Kowane yarona ya ɗauki akwati, abin da ke ciki ɗaya ne. Wato sai yanzu masu karatu suka iso inda nake?"

Ya yi murmushi ya ce, "Sai yanzu, Kaka."

Matsalar ita ce ba shi da kwamfutar da zai gwada. Walƙiya ce ta jiyo mu, ta dire masa tata a gaba. "Lokacin cin abinci taka ce. Ka lalata min ita, ka ga yadda nake."

Haka suka yi sati uku. Ita tana cin abinci da hannu ɗaya tana nuna masa allo da ɗayan, shi yana bugawa. A kwamfutarta aka gina kwantena ta farko. Daga nan aka fara saƙonni a waya, waɗanda daga baya ta karanta min su duka, don ba ta ɓoye min komai.

"Malam Shiru, ka bar littafinka a teburina. Rubutunka kamar kaza ta taka tawada."

"Ki yi haƙuri. Kada ki buɗe shafin ƙarshe."

"Na riga na buɗe. Me ya sa ka zana kofin shayi?"

"Naki ne. Wanda hannunsa ya karye. Na ga ba kya shan shayi da wani."

"Ashe kana gani."

"Ina gani. Faɗa ce ban iya ba."

"To ka koya. Ni ba na son aikin da ba a gama ba."

Ranar da aka nuna wa Yallaɓai aikin, ni ma na ja kujerata ciki. Aka ba kowa shafin. Kafin shayina ya huce, kwamfuta tara sun tashi da yare huɗu, babu mai tari. Mai Gwaji, wata yarinya mai barkwanci da ke binciken kura-kuran manhaja, ta miƙe ta yi tafi tana cewa, "Yau wa zan ɗora wa laifi? Kowa nasa iri ɗaya!" Ɗana ya dafa kafaɗar Shiru. Walƙiya kuwa ta zauna tana kumbura don alfahari kamar ita ta haife shi. Injiniya ne kaɗai ya ce fankar nan ta dame shi, ya fita.

Bayan wata biyu har yanzu yaron bai furta komai ba. Na kira shi na ce, "Kai, ni kakarta kallo biyu na yi mata, na uku na faɗa. Kana jira wani ya riga ka?"

Ya ce, "Kaka, in na tsaya gabanta sai harshena ya yi nauyi."

Na ce, "To ka nemi hanyar da ka iya."

Na yarda, wannan shawarar tawa ce. Amma ban ce ya yi abin da ya yi ba.

Ran Litinin da safe kowa ya zauna, aka kunna kwamfutoci. Ita kwantenar nan in ta tashi takan rubuta ɗan layi cewa komai ya shirya. Ran nan sai ga abin da ta rubuta:

"Ina kwana, sanyin idona. Bakina ya kasa, shi ya sa na aiko inji. Tun ranar da na shigo ofishin nan zuciyata ba ta sake bina gida ba. In kin yarda da ni, ki ɗago ki kalle ni sau ɗaya."

Walƙiya ta karanta. Na ga ta rufe baki da hannu, ta ɗan jima, sannan a hankali ta ɗago ta dube shi.

Sai ta ga Mai Gwaji ma ta ɗago tana kallonsa. Na kusa da taga ya ɗago. Wani mai gemu da ke teburi na biyar ya ɗago. Injiniya ya ɗago. Daga can ƙarshen ɗaki, ɗana ya zare tabarau ya ɗago shi ma. Mutum takwas suna kallon Shiru, fanka tana kuka.

Mai gemu ne ya fara magana. "Ni dai na kalle ka, amma ina da iyali."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Mai Gwaji har da riƙe ciki, tana cewa, "Sanyin idon wa? A yi layi!"

Ɗana bai yi dariya ba. Ya taso ya tsaya a kan yaron. "Kai ka sa wannan a kayan aikina?"

"Ni ne, Yallaɓai."

"Wa ka rubuta wa?"

Shiru ya dubi ƙasa. Na san abin da ke ransa, ba ya son ya ambaci sunanta a gaban ubanta ana tsaka da dariya. Amma ita ba haka ta gani ba. Ta ga an tambaye shi ya kasa cewa ita ce. Ɗana ya sake tambaya, shiru. Ya ce, "Ɗauki jakarka ka tafi gida sai na neme ka. Injiniya, a cire kwantenar nan daga kowace kwamfuta, a koma yadda muke."

A matakala na ji Injiniya yana ce wa jikata, murya ƙasa-ƙasa, "Kada ki damu. Irinsu haka suke, su watsa wa kowa, wadda ta ɗago ita ce tasu. Ke da Mai Gwaji duk ɗaya ne a wurinsa." Na ga maganar ta shige ta.

Da la'asar saƙonsa ya shigo wayarta.

"Walƙiya, ki yafe min. Ke kaɗai na rubuta wa. Na sa sharaɗi cewa sai a wurinki zai fito. Ban san yadda aka yi ba."

Ta mayar masa: "Mutumin da ya tayar da kwamfuta tara cikin minti goma sha biyar bai san yadda aka yi ba? Abba ya tambaye ka sau biyu. Kada ka sake rubuto min."

Kwana uku ba ta yi min wasa ba. Ita da kullum in ta shigo sai ta ce, "Angona, yau ma ba ka aske gemu ba?" Yanzu sai gaisuwa a tsaye. A ofis kuwa an koma gidan jiya, kowa na jiran Injiniya, ana musu. A rana ta huɗu na same ta a falo ta tasa kwamfuta a gaba ba ta buga komai.

Na ce, "Amaryata, ni in inji ya yi abin da ban sa shi ba, ba na fushi da shi. Buɗe shi nake yi."

Ta ce, "Kaka, wannan ba inji ba ne, mutum ne."

"Mutumin ya ce ya sa sharaɗi. Sharaɗin nan yana nan a rubuce ko ya gudu?"

Ta dube ni. Ashe su duk abin da aka canza a aikinsu yana da tarihi, da rana da sunan wanda ya canza. Ta jawo kwamfutar, yatsun nan suka fara gudu. Can ta tsaya cak.

Ga sharaɗin nan kuwa. Ya rubuta cewa in sunan mai amfani da kwamfutar Walƙiya ne, a nuna saƙon, in ba ita ba ce a yi shiru. Ya gwada a tasa kwamfutar, ba a cikin kwantena ba, bai fito ba, sai hankalinsa ya kwanta. Ta ce, "To ai daidai ne. Me ya sa ya fito wa kowa?" Ta ci gaba da komawa baya, wata ɗaya, wata biyu, har ranar farko da ya gina kwantenar a kwamfutarta. A nan ta ga layin. Ita kwantena dole a raɗa wa wanda ke aiki a cikinta suna, kuma sunan nan ɗaya ne ga duk wanda ya shiga. Mutane kan sa kowace irin kalma. Shi kuwa tun ranar, da ko gaisuwar kirki ba su fara ba, sai ya sa sunanta. Ya manta. Wato wata biyu cur, duk wanda ya shiga kwantena a ofishin nan, har ubanta, har mai gemu, a idon inji Walƙiya ne.

Ta yi dariya har hawaye, sannan dariyar ta koma kuka. Ta ce, "Kaka, dubi kwanan watan. Ranar ma faɗa na yi masa don ya zubar min da ruwa a tebur."

Na leƙa allon kamar ina karantawa, na ce, "Na gani."

Ta ɗauki waya.

"Wawa. Ka duba layi na sha ɗaya."

Ba a jima ba amsa ta zo: "Innalillahi. Na gani. Ni na kashe kaina."

"Tun ranar?"

"Tun bakin ƙofa, hasken raina. Aka ce in sa suna, ban san wani suna ba."

"To na ɗago. Ka ji? Na ɗago tun kafin su."

Da na ce an gama, ashe da sauran aiki. Bayan cin abinci ta durƙusa gaban ubanta ta faɗa masa komai. Ɗana ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ko ke ce, ban yarda ba. Ya mai da ke abin dariya a gaban ma'aikatana. Kuma Injiniya ya faɗi gaskiya, wanda ya iya ɓoye wasiƙar soyayya a kayan aiki, gobe me zai ɓoye? Mutumin da ba na ganin cikinsa ba zan ba shi aikina ba, balle 'yata."

"Abba..."

"Na gama magana."

To ni da na so, kalma ɗaya zan faɗa ya miƙa wuya, don ni na haife shi, kuma har yau in na yi gyaran murya yana gyara zama. Amma auren da aka yi don an ji tsoron tsoho ba ya daɗi a gida. Sai na ce, "Ban hana ka hukuncinka ba. Amma ni ban taɓa korar yaro daga gareji ban ji ta bakinsa ba. Gobe ka kira shi, ka kira Injiniya, a gaban kowa. Kuma a fito da sabuwar kwamfutar nan da ka saya, wadda har yanzu ke cikin kwali."

Washegari na sa rigata mai kyau. Shiru ya zo ya rame, ya tsaya gefe. Walƙiya ta nemi izini, ta haska shafin kwantenar a babban allon bango.

Ta ce, "Yallaɓai, an ce ba a ganin cikinsa. Ga cikinsa. Layi arba'in da ɗaya ne."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana faɗin aikin kowanne, ba ta tsallake na sha ɗaya ba, ba ta tsallake wasiƙar ba. Ɗana ya san aikin nan, da shi ya fara kafin ya zama mai ofis. Ya matso ya karanta da kansa, sau biyu. Ta ce, "Laifi ya yi, kuma ga laifin a fili, da sunansa da kwanan wata. Ko wata biyu da suka wuce wani ya so dubawa, da ya gani."

Na juya wurin Injiniya. "Ɗana, kai ma haska mana naka mu gani."

Ya ce, "Baba, nawa ba a rubuce yake ba. A kaina yake."

"Allah ya ja da ran kan nan. In ya yi ciwo ran Talata fa?"

Injiniya ya kau da kai. Ba mugu ba ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa, yana ganin in kowa ya iya, shi ba shi da amfani.

Sai na ce a ajiye min sabuwar kwamfutar. Aka jona ta, aka sa mata abin da ke ɗaukar kwantena, daga nan na ce kowa ya ja baya. Shiru ya rubuta min layi biyu da manyan baƙaƙe a takarda. Ban san sunan ko ɗaya ba, amma mutumin da ke gane kan kusoshi a cikin duhun ƙarƙashin mota, siffar baƙi ba za ta gagare shi ba. Na duba takarda, na nemo mai kama da shi, na danna da yatsa ɗaya. Sau ɗaya na yi kuskure, kuma ni na gano da kaina. Mai Gwaji na riƙe da agogo. Rubutu ya yi ta gudu a allo kamar ruwa. Can ya tsaya.

Mai Gwaji ta zauna ta gwada yaren farko, ya tashi. Na biyu, na uku, na huɗu. Ta ɗaga agogo ta yi ihu, "Minti goma sha huɗu! Kaka ya zama injiniya!"

Na ce, "Da can me nake?"

Ɗakin ya kaure da tafi. Har Injiniya sai da ya murmusa, ya matso yana leƙen shafin, na ji ya tambayi mai gemu me layi na ashirin yake yi.

Ɗana ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya dubi Shiru. "Aikinka ya wanke ka. Za a mayar da kwantena, amma daga yau ba mai sa ko ɗigo a shafin nan sai mutum biyu sun karanta. Wannan na ofis ne. Saura nawa." Ya gyara tsayuwa. "Na tambaye ka sau biyu ka yi min shiru. Ba zan ba da 'yata ga inji ba. Wa ka rubuta wa?"

Kowa ya zuba wa yaron ido. Walƙiya ta sunkuyar da kai tana murza gefen mayafinta. Na ce a raina, in ya sake yin shiru ni kaina zan raka shi matakala.

Ya ce, "Walƙiya na rubuta wa, Yallaɓai." Ya ƙara ɗaga murya. "'Yarka nake so. Ranar nan na yi shiru ne don kada a haɗa sunanta da dariya, ashe shirun ne ya fi yi mata ciwo. Na yi wauta, na roƙi gafararka da tata. In ka ba ni izini, iyayena za su zo. Ba zan sake aiko inji ba, duk abin da ke raina da bakina za ta ji."

Ɗana ya dube shi. Ya juya ga 'yarsa. "Ke fa?"

Ta ce, ba ta ɗago ba, "Abba, ni na karanta layi arba'in da ɗayan nan tun jiya. Ban ga abin ƙi ba."

Ɗana ya share tabarau da gefen riga, ya mayar. Ya ce, "Ka ce su zo ran Asabar. Kowa ya koma bakin aiki."

Wata huɗu bayan nan aka ɗaura aure. Jama'a ta cika har titi, don ni mutum ne da aka sani, tsofaffin yarana na gareji kaɗai sun cika motoci uku. Injiniya ne ya tuƙa motar ango, ya wanke ta da hannunsa. Ɗana da ke cewa shi ba ya kuka, na kama shi a bayan ƙofa yana goge ido, ya ce ƙura ce.

Da za su tafi gidansu suka zo suka durƙusa a gabana. Yaron ya ce, "Kaka, ka sa mana albarka." Na ɗora hannun dama a kansa, na hagu a kanta, hannayen nan da suka yi shekara hamsin cikin baƙin mai.

Na ce, "Allah ya zaunar da ku lafiya. Allah ya sa in kun yi faɗa da safe ku ci abinci kwano ɗaya da rana. Allah ya ba ku zuriya masu kaifin kai irin nawa da haƙuri irin naka. Na yi maka rainonta tun tana rarrafe a ƙarƙashin teburina, yau na sallama maka da zuciya ɗaya. Ka riƙe ta da kyau."

Ya ce, "Amin, Kaka. Na riƙe."

Ita kuwa sai hawaye. Ta kama hannuna ta riƙe gam, ta daɗe ba ta saki ba, har sai da na ce, "Tashi mana, amarya. Mijinki na jira, ni kuma ƙafata ta yi sanyi." Ta yi dariya cikin kuka, ta miƙe, ya kama hannunta, suka fita tare.